Sikila Ba Ta San Hutu Ba

Birnin Kudu,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, ka sami Baffanka Jibo da iyalinsa lafiya. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya tsare ka daga sharrin ruwa da na sauro da na abokan banza, Ya kuma tsare ka daga sharrin taurin kanka, domin a yau shi na fi ji maka tsoro.

Ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Bayan tafiyarka jiya na shiga ɗakinka da tsintsiya, sai na ji ta ci karo da wani ƙunshi a ƙarƙashin gado. Na jawo na kwance. Gidan sauro, rigar sanyi, gorar ruwa, da ledar magungunanka. Duk abin da na shirya maka a jaka da hannuna, ka jira na juya baya ka fidda, ka cusa a lungu kamar kayan sata. Sannan ka zo ka durƙusa a gabana, na ce, "Ka ɗauki komai?" Ka ce, "Komai yana ciki, Inna." Ka dubi tsabar idona ka faɗi haka, ni kuma na sa maka albarka a kan ƙarya.

Kuma kada ka zaci ban ji abin da ka faɗa wa abokinka a zaure ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji ka kana dariya kana cewa, "Zan je Gwaram in huta da sikila, in huta da Inna da gorar ruwanta." Hutawa da ni, wannan mai sauƙi ne, ga shi ka huta. Amma sikila fa? Wa ya gaya maka makarantarku ɗaya da ita, har da za a ba ku hutu tare? A jininka take, Haruna. Ta riga ka shiga motar, ta riga ka sauka.

Na kwashi ƙunshin na kai gaban babanka na zube. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Rabi, yaron nan ya shekara ashirin. Ki bar shi ya sha iska." Na ce, "Malam, iskar ce nake tsoro." Sai ya ɗauki kayan da kansa ya ce zai kai tasha, direba ya miƙa wa Baffanka. Na ce ya dakata in rubuta takarda. Da waya na kira ka, na san abin da zan samu: "To, Inna. To, Inna. Ba na jin ki sosai, Inna." Takarda kuwa ba a katse ta.

Ka san kana da wa da ya rasu kafin a haife ka. Ka san a ƙauyen kakanninka ya rasu, can bayan Gwaram, inda kake zaune yanzu. Abin da ka ji a bakin mutane shi ne zazzaɓi ya yi, kwanansa ya ƙare. Gaskiya ne. Amma ni ina wurin, kuma yau zan gaya maka yadda aka yi, tunda na ga ka kama hanyar da na bi.

Shi ma sikila gare shi. Tun yana goye muka sani, a asibitin nan na garinmu aka gwada, aka zaunar da ni aka yi mini bayani dalla-dalla: magani kullum, ruwa da yawa, a kiyaye sanyi, a kiyaye sauro, in zazzaɓi ya taɓa shi a kawo shi nan take. Ni malamar firamare ce, ina karanta takardar magani da kaina. Saboda haka kada wani ya ce maka jahilci ne. Na sani sarai. Na riƙe duk wannan har ya kai shekara shida, yana zuwa makaranta, yana wasansa.

Sai dogon hutu ya zo, tsakiyar damina kamar yanzu. Kakarka Dada ta aiko cewa tana son ganin jikanta, ta gaji da jin labarinsa a bakin 'yan kasuwa. Babanka yana fama da gonarsa ta Kiyako, ya ce mu je mu biyu, zai biyo mu in ya gama noma na biyu. Na shirya jaka kamar yadda na shirya taka. Komai na sa. Bambancina da kai shi ne ni na kai kayan har can, sannan na ƙi amfani da su.

Sai ka fahimci wani abu game da gidan nan. Mutanen kirki ne, ba na zaginsu. Amma a wurinsu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. A nan Birnin Kudu, a ɗakina, ba mai ganina, ina yin abin da ya kamata. A can kuwa ido goma ne a kaina tun daga safe. Ni kuma yarinya ce, ina so a ce matar Malam tana da kunya.

Da magani na fara. Washegarin zuwanmu na kira shi gefen rumbu ina ba shi ƙwayarsa, sai Dada ta hango. Ta ce, "Me kike ɗura masa?" Na ce maganinsa ne na kullum. Ta ce, "Yaro yana tsalle kamar ɗan maraƙi, kina ba shi magani? Ai sai ki kira masa ciwon." Goggonka Hansai tana daka, ta sa baki ta ce, "Ɗan fari ne fa, Dada. Matan birni ba su san wannan ba." Aka yi dariya. Daga ranar na koma ba shi a ɓoye. Ran da ban sami ɓoyon ba, sai in ce gobe. Goben ta yi yawa, har na daina ƙirgawa. Kuma ga shi yaron ya yi kyau, fura da nono sun karɓe shi, kumatu sun fito. Na riƙa ce wa kaina ai iskar ƙauye ma magani ce.

To ka ji. Ranakun da kake jin garau, har kake ganin kamar an yi maka ƙarya ne da aka ce kana da ciwo, su ne ranakun da maganin yake aikinsa. Ba a rushe katanga don an kwana biyu ba a ga akuya ba. Ka sha ƙwayarka kowace safiya bayan ka karya, a gaban ko wane ne. Wanda ya tambaye ka, ka ce magani ne. Wanda ya yi dariya, ka bar shi da haƙoransa. In ciwon ya tashi ba ƙashinsa za a riƙa sara ba, naka ne.

Sai gidan sauro. Wannan ko fitowa daga jaka bai yi ba. A ɗakin Dada aka sauke mu, ita kuma da magariba takan sa garwashi a kasko ta zuba ganye, hayaƙi ya turnuƙe, ta ce sauro ya gudu. Na ɗauko bakin gidan sauron sau ɗaya, na dubi ɗakin, na ce yanzu in na kafa wannan kamar na ce wa tsohuwa ɗakinta bai ishe ni ba. Na mai da shi. Hayaƙin yakan lafa, sauron ya dawo da 'yan'uwansa. Ga masara har bakin danga, ga ruwa kwance a kowane rami. Da safe in ga jikin yaron duk tabo, in shafa masa man shanu, in yi shiru.

Har yau in na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina. Ƙusa huɗu da igiya! Abin da ya gagare ni ke nan, don kada ran wani ya sosu. Kai kuma ko uzurin suruka ba ka da shi. Gidan baffanka ne, ɗakin samari za a ba ka. Ka kafa gidan sauronka tun rana ba ta faɗi ba, ka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. In 'ya'yan Baffa sun ce ka zama amarya a lalle, ka ce ka ji, ka shige abinka. Zazzaɓin da zai kwantar da su kwana biyu su miƙe, kai jininka zai shanye.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin a kan idona aka yi. Wata rana da hantsi hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muna rumfa mu mata muna ɓarar gyaɗa. Yaran gidan suka tuɓe riguna suka faɗa cikin ruwan suna ihu. Shi kuwa ya tsaya a bakin rumfa, ya riƙe gefen rigarsa, ya juyo yana kallona. Ya san dokar. A gida ko yayyafi ake yi ba ya fita. Jira yake in ce a'a, ko in ce e. Goggo Hansai ta ce, "Kai, je ka mana! Namiji da tsoron ruwa?" Matan suka zuba mini ido su ga abin da zan yi.

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Ya fita. Daga tsakar gida suka zarce rafi, inda ake shayar da maruƙa, ban ma san sun tafi ba. Bai dawo ba sai bayan azahar, leɓɓansa sun yi fari, haƙora suna haɗuwa, yana dariya. Wallahi, Haruna, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya zo yana ba Dada labarin yadda ya riƙe wutsiyar maraƙi ya haye. Ina gaya maka wannan ne don ka san na san abin da kake nema a can. Na gan shi a fuskar yayanka. Amma na ga abin da ya biyo baya.

Saboda haka in hadari ya taso kana gona ko kana bayan shanu, ka nemi mafaka tun kafin ya zubo. In ya riga ya jiƙa ka, ka cire kayan nan take, ka goge jikinka, ka sa rigar sanyi, ka sha abu mai ɗumi. Rafi kuwa ka kalle shi daga tudu. Kada ka hau babur da sanyin safiya ƙirji a buɗe. Kuma kada ka ce za ka yi gasar noma da 'ya'yan Baffa, waɗanda tun suna rarrafe fartanya take hannunsu. Ka nome kunya ɗaya ta gona, ka huta a inuwa, ka sha ruwa. Gorar nan da ka mai da abin dariya, ka cika ta da ruwan famfon burtsatse ko wanda aka tafasa, ka shanye, ka sake cikawa, ko ba ka jin ƙishi. Wanda ya ce maka rago, ka ce masa ragon yana so ya ga kaka.

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe shi. Ya fara da rawar sanyi, sannan ciwon ƙashi ya taso, yana riƙe gwiwoyinsa yana kuka. Abin da aka gaya mini a asibiti yana kunnena: nan take. Na je na sami Dada a madafa, na durƙusa, na ce, "Dada, da za a kai shi asibiti." A hankali na faɗa, kamar mai roƙon gishiri. Ta ce, "Sanyi ne ya shige shi. Duk yaran nan haka suke yi, ubansa ma ya yi. A jiƙa masa saiwa, a rufe shi." Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ta goya shi a ranar, tsohuwa da ita, tana zagaya tsakar gida tana lallashinsa. Ni uwarsa ina zaune a gefe ina tsince shinkafa, don kada a ce na rikice a kan ɗan fari.

Baffanka ba ya nan, ya kai shanu wata kasuwa mai nisa. Waya kuwa a lokacin ba ta iso ƙauyen ba. Amma ƙafata lafiyarta ƙalau. Da na saɓa shi a kafaɗa na kama hanya, wa zai tare ni? Iyaka a ce ba ni da kunya. Wannan kalma ɗaya ita ta ɗaure ni kamar akuya a turke.

Washegari da ciwon ya ƙi sauka, aka kira wanzami. Ya zo da zabirarsa, ya taɓa gwiwoyin, ya ce mugun jini ne ya taru, sai an fidda. Aka riƙe yaron. Ya yi masa tsaga, ya kafa ƙaho. Ina tsaye a bakin ƙofa. Da ya cire ƙahon ya juye a ƙasa, ya ce, "Kun gani? Baƙi ƙirin. Ciwon ke nan ya fito." Matan suka ce alhamdu lillahi. Ni kaɗai a gidan nan na san yaron jini ne ba shi da shi, ɗan abin da ya rage masa ne ake zubarwa a ƙasa kaji suna tsattsaga. Na sani, kuma ban buɗe baki ba. Yana ta kiran "Inna, Inna," na juya na shiga ɗaki.

Sunansa Aliyu. Yana raye ban taɓa kiransa da shi ba. Ga shi na rubuta.

Da Baffanka ya dawo da la'asar, ko takalmi bai cire ba ya shiga ya duba shi. Ya buɗe tafin hannunsa, fari fat kamar takarda. Ya ja fatar idonsa. Sai ya juyo ya daka mini tsawa a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba: "Rabi! Ke da kika yi karatu, kina zaune?" Har gobe ina ganin girman mutumin nan saboda wannan tsawar. Shi kaɗai ne ya gaya mini gaskiya a gidan.

Ya ɗauko babur, na hau da yaron a tsakiya. Muka iso rafi muka tarar ya cika ya batse, an yi ruwa a sama. Baffanka ya jingine babur, ya ɗora Aliyu a wuya, ya shiga, ruwa har ƙirji, ni ina riƙe da rigarsa ta baya. A can ƙetare muka sami wani mai babur ya kai mu cikin Gwaram. Ma'aikacin da ya duba shi a asibitin bai ɓata lokaci ba, ya ce jini yake bukata yanzu yanzu, a wuce da shi Birnin Kudu. Ya dube ni ya ce, "Tun yaushe yake haka?" Na gaya masa. Sai ya taimaka aka sa shi a mota.

Ba mu yi nisa da gari ba. Yana kan cinyata, a karo na farko tun zuwanmu na rungume shi a gaban mutane. Ya ce yana jin ƙishi. Kafin a miƙo ruwan daga gaba, shi ke nan. Baffanka ya taɓa kafaɗar direba ya ce, "Malam, juya." Babanka saƙo aka aika masa ta hannun 'yan mota. Ya iso washegari ya tarar maza suna dawowa daga maƙabarta.

Ga nasihar da ke cikin wannan, kuma ita ce uwar duka. In ka ji zazzaɓi, ko ƙashi ya fara sara, ko ƙirji ya riƙe, ko ka ga idonka ya ƙara yin ɗorawa, kada ka ce bari mu ga gobe. Kada ka ɓoye don kada a ce hutunka ya lalace, ko don kada Inna ta ce ai na faɗa. Ka gaya wa Baffanka a take, ku tafi asibiti tun rafi yana ba da hanya. Kada ka yarda a yi maka tsaga. Kada ka yarda wani mai shagon magani ya soka maka allurar da ba likita ya rubuta ba. Kada ka sha jiƙon da ba ka san mene ne ba don kunyar tsohuwar da ta miƙo maka. Ka ce, "Na gode, Allah Ya saka," ka ajiye. In ta ji haushi, za ta huce. Kunyar da za ta kai mutum kabari ba kunya ba ce.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai a zaman makokin? Yabo. Ban yi kuka a gaban mutane ba, saboda ba a kukan ɗan fari. Matan ƙauyen suka riƙa shigowa suna cewa, "Kai, wannan yarinya akwai kara. Ko hawaye babu. Malam ya yi dacen mata." Abin da na yi ta nema tun ranar da na sauka a gidan, ga shi an ba ni, cikakke. Na zauna a kan tabarma ina karɓar yabon, ina ji kamar ana zuba mini garwashi a ƙirji. Na sayi sunan kirki, kuma na san abin da na biya.

Na san za ka ce ajali ne. Ajali ne, ban musa ba, ko a gadon asibiti yake in lokacinsa ya yi zai tafi. Amma Allahn da Ya rubuta ajali Shi ne Ya ba ni hankali da ƙafa da baki, kuma a kan waɗannan za a tambaye ni, ba a kan ajali ba. Kada ka kawo mini wa'azin ƙaddara kana cusa maganinka a ƙarƙashin gado. Wannan ba tawakkali ba ne, ganganci ne da rawani.

Da aka haife ka aka gwada aka ce kai ma haka ne, a bakin asibitin na yi wa kaina alkawari: kunya ta ƙare. Ka san sauran, domin a kanka aka yi. Na bi ka makaranta da gora. Na fito da kai daga filin ƙwallo a gaban abokanka don na ga hadari. Na hana ka Gwaram shekara da shekaru, har Dada ta rasu ba ta gan ka ba sai in an kawo ta nan. Ƙannenka mata da Allah Ya raba su da ciwon suna zuwa ko'ina, kai kana gida. An ce mini mai ɗa ɗaya, an ce mini marar ta-ido, ban damu ba.

Amma a nan ma na yi kuskure, kuma ba zan tsallake shi ba. Na tsare ka ban taɓa gaya maka dalili ba. Na mai da maganin ya zama nawa, gorar ta zama tawa, har ka girma kana ganin in ka sha ruwa ni ka yi wa alheri, in ka ƙi sha ni ka ɓata wa. Ran da ka ce mini, "Inna, kowa ya san garinsu, ni ban san namu ba," maganar ta zauna mini. Shi ya sa da babanka ya ce ka je, ban hana ba. Ba kuma zan ce ka dawo ba. Ka zauna ka yi hutunka. Ka sha fura, in dai an dafa nonon. Ka ci tuwo ka ƙoshi, ka ci zogale da rama, ka wanke hannu kafin ka sa a kwano. Ka kwanta da wuri, ka bar latsa wayar nan. Ka koyi tatsa, ka san sunayen shanu, ka zauna da tsofaffi su gaya maka su wane ne kakanninka. Duk wannan halal ɗinka ne. Amma in haushina kake ji, ka zo ka gaya mini a fuskata, zan ɗauka. Kada ka rama a kan jikinka. Jikin ba nawa ba ne, ni na haife shi kawai. Kai za ka zauna a cikinsa bayan ba ni.

Baffanka ya tsufa, amma ba zai yi maka dariya ba. Shi ne ya ɗauki Aliyu a wuya. In wani a gidan ya matsa maka, ka je ka zauna kusa da shi. Goggo Hansai kuma ka gaishe ta da ladabi, ka ci abincinta. Bakinta ne kawai, kuma na ji an ce tun daga wancan lokacin ba ta ƙara yi wa yaron kowa tsiyar ruwa ba.

Saura abu ɗaya da nake so ka yi mini. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, saboda haka ban taɓa ganin inda aka sa shi ba. An ce mini gabas da gari ne, kusa da wata tsamiya. Wata rana da hantsi, in gari ya yi sarari, ka ce Baffanka ya raka ka. Ka tsaya ka yi masa sallama, ka gaya masa kai ƙaninsa ne, ka yi masa addu'a. In ciyawa ta rufe wurin ka cire. In ka dawo ka zaunar da ni ka gaya mini yadda wurin yake, ko tsamiyar tana nan, ko akwai inuwa.

Sannan ka juyo ka taho gida da ƙafarka. Ƙasar nan ta riƙe mini ɗaya. Ba ta da rabo a na biyu.

Babanka yana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaida Baffa da mutanen gida baki ɗaya, babba da yaro. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa ka gama hutunka cikin aminci, Ya raba ka da tashin ciwo a inda babu mataimaki. Allah Ya kai ka, Ya dawo mini da kai. Na yafe maka ƙaryar da ka yi mini, albarkar da na sa maka kuma tana nan, ban janye ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi.